Ɗan Farina a Bakin Ƙofa

Ni matar barunde ce, wato mahauci, yadda muke faɗa a nan. A Maradun aka haife ni, gidan manoman gero da gyaɗa, aure ya kawo ni Talata Mafara, gidan nama, kuma a gidan nan furfura ta same ni. Na daka yajin tsire har taɓarya uku ta ƙare a hannuna. Na dama labun kilishi har ƙamshinsa ya zauna a fatata. Ban yi karatu ba, abin da na gani a ka nake ajiye shi, kuma cikin abin da na ajiye akwai guda da ya fi sauran nauyi. Shi nake so in sauke.

Ina da ɗa, ɗan fari. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa faɗa ba, ko sau ɗaya, tun ranar da aka raɗa masa shi. Haka muka taso muka tarar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi. In zan ba shi nono sai na juya wa tsakar gida baya. In ya faɗi ya fasa gwiwa, sai in ci gaba da tankaɗe kamar ban gani ba, har wata ta zo ta ɗauke shi. Ana yabona a kan haka. Ana cewa amaryar gidan nan akwai kunya, an iya tarbiyya a Maradun. Ni kuwa ina jin daɗin yabon.

Da aka yaye shi sai uwar mijina ta ɗauke shi, ɗakinta yana kallon nawa. Ita ya sani da Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen mijina suna faɗa, kuma har yau bai canja ba.

Tun yana ƙarami na lura yaron ba kamar sauran yake ba. Da gefen ido nake kallonsa, amma ina gani. In ubansa ya tafi kara sayen shanu, sai ya kasa cin abinci, yana zuwa zaure yana dawowa. In hadari ya haɗu, sai ya riƙa tauna wuyan rigarsa har ya jiƙe. Ina jin su da kakarsa daga ɗakina, da rana tsaka, ita tana kaɗi shi yana zaune gindin ƙafarta. Ba na jin abin da yake tambayarta, murya ƙasa-ƙasa yake yi. Nata nake ji: "A'a, maigidana. A'a. Zo ka riƙe min audugar ga." Sai ya yi ajiyar zuciya, ya tashi ya koma wasa.

Yana da kamar shekara goma sha biyu ta rasu. Bayan addu'ar uku, mutane sun watse, da hantsi ina cikin ɗaki ina ɓarar gyaɗa, sai na ga inuwa ta faɗo a kan tabarma. Shi ne tsaye bakin ƙofa, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya riƙe da asabari. Ya ce, "Yaya." Ya sake cewa, "Yaya." A tsakar gida akwai matan ƙannen mijina biyu suna wanke-wanke, kuma na san kunnensu yana wurina. Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Furarka na can cikin ƙwarya, an rufe." Inuwar ta daɗe a kan tabarmar. Sannan ta janye.

Bai sake tsayawa a bakin ƙofar nan ba. Shekaru suka yi ta wucewa yana gaida ni daga nesa, a tsugune, yadda ya kamata, ina amsawa ina kallon wani wuri, yadda ya kamata.

Ya girma ya kama sana'ar gidansu, kuma ya iya. Ko wanda ba ya sonsa ya san ya iya. In ya yi fiɗa ba a samun tsaga ko ɗaya a fata, majema har rububin tasa suke yi. In ya yanka naman kilishi, sai ka ɗaga shi ka hango rana ta ciki. Ya yi aure, matarsa ta haihu uku. Da ƙafafun ubansa suka fara kumburi, sai ya miƙa masa barho, babbar wuƙar da ya gada wurin nasa uban, ya miƙa masa rumfar kasuwa, ya kuma bar masa zuwa Maradun ranar kasuwa sayen shanu.

A shekarun ne hanya ta lalace, kowa ya san yadda ta lalace. Ana fita da addu'a, ana dawowa da labari. Amma ga abin da ya rikita mu: shi ba abin da ya taɓa samunsa. Ba a taɓa tare motar da yake ciki ba. Waɗanda aka tare ma sun koma suna tafiya. Shi kuwa wata rana, a tsakiyar kara a Maradun, yana cikin taya wani bijimi, sai ya ji numfashinsa ya tsaya a maƙogwaro, gumi ya karyo masa, hannuwansa suka mutu, ƙirjinsa yana duka har ya tabbata ajali ne. Abokan tafiyarsa suka kwantar da shi gindin wani dogon yaro suna yi masa fifita, har ya yi kalmar shahada. Kafin a samo mota abin ya sake shi. Ya tashi da ƙafarsa, ya kasa haɗa ido da kowa.

Aka kai shi asibiti, aka auna jini, aka auna zuciya, aka ce lafiyarsa lau. Daga ranar ba wanda ya ƙara yarda ciwo yake yi.

Ni duk wannan a bakin matarsa nake ji. Sai ta zo ta zauna kusa da ni muna tsince gyaɗa, ta rage murya. "Inna, jiya ma bai ci tuwo ba." Bayan kwana biyu, "Inna, ya bar zuwa Maradun, ƙane nai shika aikawa." Bayan wata guda, "Inna, ko masallaci sahun baya shika tsayawa, kusa ga ƙohwa, wai don in abin ya taso mai ya samu wurin hita." Daga Maradun abin ya biyo shi kasuwar Talata. Ranar Litinin da la'asar, in makaɗi ya fara zagawa da kalangu yana shelar gobe akwai yanka, sai ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ba sa yake tsoro ba, ba wuƙa ba. Dawowar abin yake tsoro, a cikin mutane, inda kowa zai gani.

Rundawa kuwa ba su iya tausasa baki ba. Mutanen da ke kama ƙahon sa da hannu, me za su ce da namijin da ya ce gabansa ke faɗuwa? In ya iso kwata, wurin yanka, sai wani ya ce, "Ku ɗaure akuyar ga da kyau, ga sarkin yaƙi nan ya zaka." Wani ya ce, "A ba shi kaza ya hwara da ita." Ana dariya, shi yana yaƙe. Maganar ta zaga har ta iso ni a gidan biki, wata tsohuwa ta ce mini cikin wasa, "Ashe jinin Maradun ya rinjayi na gidan ga?" Wannan ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Ciwon ɗana ya dame ni, amma a ranar nan abin da aka ce da ni ya fi damuna.

Na tashi tsaye neman magani, kuma ban yi ƙyuya ba. Na sa an yi rubutu, na karɓo hayaƙi, na aika Maradun an haƙo saiwoyi. Na sa an gasa masa zuciyar bijimi ba gishiri, don tsofaffin gidan sun ce tana ƙara ƙarfin hali. Komai ta hannun matarsa nake aikawa, in ce, "Kai wa mutumin naki." Komai ya karɓa ya sha, ya aiko a ce an gode. Abu ɗaya ne ban yi ba. Tsakanin ɗakina da nasa bai kai taku ashirin ba, ban taɓa takawa na ce masa, me kake ji?

Sai ƙaramar salla ta gabato. A al'adar rundawa, ranar jajibiri da la'asar ana zagawa da bijimin da za a yanka, igiya gaba igiya baya, kalangu na tashi, samari na wasa da ƙaho. Kowane gidan fawa yana da takensa, kiɗan da aka yi wa kakanni, kuma barunde ba ya jin taken gidansu ya zauna. Ko yana kan tabarmar jinya sai ya motsa. A nan dabara ta zo mini, kuma na ɗauka dabarar uwa ce. Na ce a raina, tsoro a zuciya yake, kalangu kuwa zuciya yake tayarwa. In ya fito gaban jama'a ya riƙe igiyar gaba sau ɗaya, shi ke nan, abin ya karye, bakin mutane ya mutu.

Na gaya wa ubansa. Yana zaune ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa a kan buzu. Ya ce, "Ki bar yaron ga. Ni na ga ido nai, ba ƙarya shika yi ba." Na ce to, da baki. Washegari na aika wa tsohon makaɗin gidanmu ƙwaryar goro, na ce ranar jajibiri ya tsaya ƙofar gidanmu ya kaɗa taken kakan yaron, kada ya daina sai ya fito.

Ranar ta zo. Ina cikin zaure ina leƙe ta kafar ƙyaure. Aka iso da bijimi, baƙi, mai tozo, yana tona ƙasa. Layi ya cika da mutane. Makaɗi ya tsaya daidai ƙofa, ya matse kalangu a hammata, ya saki taken. Ya kaɗa, ya kaɗa, ya ƙara da baki, yana kiran jikan wane, yana kiran mai barhon gado. Na ji motsi a bayana. Ɗana ne. Ya zo zai wuce ni a zauren, kafaɗarsa ta kusa taɓa tawa, na ji numfashinsa kamar na wanda ya sha gudu. Leɓensa ya bushe ya yi fari. Na gani. Ko a nan da na ce masa koma, da ya koma. Na kawar da kai, don ba a kallon ɗan fari ido cikin ido.

Ya fita, mata suka rangaɗa guɗa. Aka miƙa masa igiyar gaba, ya naɗa a hannu yadda ya saba. Ya yi taku kamar biyar. Sai bijimin ya yi huci ya fizga, ba wata fizga mai ƙarfi ba, da can da hannu ɗaya yake tare irinta. Amma yau ɗana bai tare ba. Ya zauna daɓas a ƙasa, a tsakiyar mutane, ya dafe ƙirji da hannu biyu, baki buɗe yana neman iska. Igiya ta zame. Bijimin ya ja na baya, ya ture tiren wata mai ƙosai, mutane suka watse suna ihu, da ƙyar samari suka tare shi a bakin kwalbati. Da aka duba aka ga ba wanda ya ji ciwo, sai dariya ta tashi.

Wani dattijo ya juya kan makaɗin da faɗa, ya ce, "Kai ko, ka san halin da yaron ga shika ciki, mi ya kai ka?" Makaɗin ya ɗaga murya don ya wanke kansa, ya ce, "Ni ina ruwana? Uwa tai ta aiko ni, har da goro!"

Ɗana yana zaune a ƙasa ya ɗago kai ya dubi ƙyauren da nake bayansa. Ba ya ganina, amma ya san ina nan. Ba fushi a kallon. Da fushi ne da na fi samun sauƙinsa.

Bai je idi ba. Kwana uku bayan salla ya naɗe barhon a tsumma ya ajiye gaban ubansa, ya ce zai tafi Bakura wurin ƙanena, wanda ke noman rani, shinkafa da albasa, da ruwan Bakolori. Ya zo ya yi mini sallama daga tsakar gida, a tsugune. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya," ina kallon turmi. Matarsa da yara suka bi shi bayan wata guda.

Ubansa bai taɓa yi mini gori ba, shirunsa ya ishe ni. Damina biyu ya ƙara a duniya. Rumfar ta koma hannun ƙanen yaron. Barhon kuwa uban ya hana kowa, ya ce in ajiye wa mai shi. Ranar rasuwa ɗana ya zo, ya yi salla a sahun baya, ya koma Bakura kafin masu gaisuwa su taru. Aka yi ta magana a kan wannan ma.

Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, sai ga matarsa ta zo gaishe ni da ƙullin albasa. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da yara da gajiya, ta ce, "Inna, mutumin naki hwa ya samu sauƙi." Na ce wane malami ne? Ta yi dariya ta ce, "Malama ce, ta asibiti. Kuma yawanci magana kawai suke yi." Ashe da ta kai ƙaramin ɗansu awo, ta ji wata ma'aikaciya tana yi wa mata bayanin wani ciwo tana faɗin alamunsa, sai ta ga kamar mijinta ake siffantawa. Ta yi wata biyu tana lallashinsa kafin ya yarda ya je. Yanzu duk bayan mako biyu suna zama. Likita ya ba shi ƙwaya ta ɗan lokaci, amma zaman ne babba. Ta ce, "Kuma tana son ganinki, in kin yarda. Shi ma ya yarda."

Na ɗauki barhon na sa a jaka na bi ta zuwa Bakura, ina jin haushi a raina. Ni da na ƙarar da saiwoyin Maradun, wata ce za ta warkar da shi da hira?

Ɗakin ƙarami ne, kujera biyu da tabarma. Matar Bafillata ce, doguwa, ta manyanta amma na haife ta. Ta sauko daga kujera ta zauna ƙasa tare da ni, ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo. Sannan ta ce, "Inna, ashe ke ce uwar rundawa. Kun cinye mana shanu, yau ga ki a hannuna." Na ce, "Da kun iya riƙonsu da ba ku kawo su kara ba." Ta yi dariya har da tafa hannu. Ban san lokacin da haushin ya sauka ba.

Na ce mata, "Ɗiyata, gaya min gaskiya. Ragwanci ne ko iska?"

Ta ce, "Ba ko ɗaya. Kin taɓa kiwon zabi?"

Na ce na yi.

Ta ce, "Kin san yadda suke ɓarkewa da kuka in shaho ya gifta. Allah ya sa wa kowane ɗan Adam irin wannan a jikinsa, don ya tsira. To wani nasa zabin sun cika sauraro, ganye ya faɗo sai su tashi gida duka. Bugun ƙirjin gaskiya ne, gumin gaskiya ne, toshewar numfashin gaskiya ce. Shahon ne babu. Ciwo ne, Inna, yana da magani kamar sauran, yana kama jarumi yana kama malami. Ba ƙarancin tawakkali ba ne."

Ta ce wani da shi yake tasowa tun yana yaro, yana kwance, sai wahala ko zaman fargaba irin na hanyoyin nan su tashe shi. Ta ce kuma gudun wurin da abin ya taɓa kama mutum yana ba da sauƙin ranar, amma yana ƙara wa ciwon ƙarfi. Yau ya bar kara, gobe kasuwa, jibi masallaci, har duniyarsa ta koma faɗin ɗaki.

Na ce, "To ai abin da na gani ke nan, shi ya sa na hiddo shi." Na ba ta labarin kalangu, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba, ba ta girgiza kai ba. Ban saba a saurare ni haka ba. Na tsinci kaina ina faɗa mata har maganar tsohuwar gidan biki, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ta ce, "Inna, kin hango maganin. Ni ma kasuwa nake mayar da shi. Amma ni da cokali nake ba shi, kuma shi ke cewa a ƙara. Ke kin ɗaga tulun kin juye masa, gaban jama'a."

Ta gaya mini yadda suka yi. Da farko ta koya masa ya gane abin tun yana tasowa, ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali, ya tuna wa kansa cewa ya sha zuwa ya wuce, kuma likita ya duba zuciyar ba abin da ya same ta. Sannan ya je bakin kasuwar Bakura ya tsaya ya dawo. Wani makon ya shiga ya sayo gishiri. Wani makon ya zauna rumfar mai shayi, ƙirji na bugu, bai tashi ba sai da bugun ya gaji ya kwanta don kansa. In ya kasa, ya dawo su zauna su duba abin da ya faru, ba mai dariya, ba mai kiɗa.

Sannan ta ce, "Abin da yake faɗa mini amana ne, ba na fitar da shi. Wannan da na gaya miki da izninsa ne. Akwai guda kuma da ya ce in tuna miki, don shi ba ya iyawa. Maganar kalangu sau ɗaya ya kawo ta. Wadda yake yawan komawa kanta ita ce wata rana, bayan rasuwar kakarsa, da ya tsaya bakin ƙofarki. Kin tuna?"

Na ce na tuna.

"Me ya zo gaya miki?"

Na ce, "Ban tambaya ba. Ɗan fari ne."

Ta ce, "Ni ma ɗiyar fari ce, Inna, kuma mu Fulani mun fi ku wannan. Uwata ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Ban ce ki bar kunyarki ba. Kada ki kira sunansa. Kada ma ki dube shi. Ki dai tambaya, sai ki yi shiru ki ji."

Ban koma Mafara ranar ba, na kwana gidan ƙanena. Da hantsi na ce a nuna mini gonar. Na same shi shi kaɗai yana cire albasa yana tarawa. Ya rame, rana ta ƙona shi, furfura ta fito masa a gemu. Ɗana da furfura. Da ya gan ni ya tsuguna ya gaishe ni, na amsa. Na zauna a bakin fangali na ba shi gefe, na jawo albasa ina kakkaɓe mata ƙasa don hannuna ya sami abin yi. Ruwa na gudu a lambatu.

Na ce da albasar da ke hannuna, "Ranar nan da Inna ta cika kwana uku, da anka tsaya bakin ƙohwata. Mi anka zo faɗi?"

Ya ce, "Yaya, gabana ne ya yi ta faɗuwa tun da anka ɗauke ta. Na zo in tambaye ki ko mutum na mutuwa in ƙirji nai na bugu haka. Kullum ita nika tambaya, ta ce a'a, sai ya kwanta. Na zo ki ce min a'a."

Ashe ita ke nan. Abin da tsohuwar nan take faɗa tana kaɗi, ina ji daga ɗakina shekara da shekaru, ban taɓa tambayar kaina amsar mece ce take bayarwa ba.

Na ce, "A'a." Na sake cewa, "A'a, ba a mutuwa."

Ya yi 'yar dariya, ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Na sani yanzu, Yaya. Malama ta riga ki." Ba da gori ya faɗa ba, labari yake ba ni.

Na ciro barhon daga jaka na ajiye tsakaninmu. Ya kwance tsumman, ya gwada kaifin a babban yatsa, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mayar ya naɗe yadda yake. Ya ce, "Ki ajiye, Yaya. Ƙanena na da iyali a rumfar nan yanzu. Ni kuma na saba da albasa."

Daga baya na sake komawa wurin malamar, ni da kaina, ba wanda ya kira ni. Na tambaye ta, da a ce ranar nan na ɗaga kai na ce masa a'a, da ya warke? Ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce wataƙila da ciwon yana nan, don ba ni na sa masa shi ba, kuma a'a kaɗai ba ta raba mutum da shi. Ta ce amma da bai ɗauke shi shi kaɗai ba duk shekarun nan, kuma da na san irin abin da yake ɗauke da shi kafin in aika goro.

Yanzu ranar Talata yana kawo albasa kasuwar Mafara. Yana wucewa ta gaban rumfar da ta kasance tasa, rundawa su tsokane shi, shi ma ya rama. In ya tashi kasuwa da la'asar sai ya biyo ta gida ya zauna a bakin ƙofata. Ba ya shigowa, ni ma ba na juyowa. Wani makon ya ce, "Wanga mako abin bai zo ba." Wani makon ya ce, "Ya zo ran Juma'a, cikin sahu, amma na tsaya har anka sallame." In ce, "To, sai mi ya faru?" sai in yi shiru. Da tsufa na koyi wannan, wurin malamar nan da a shekaru na haife ta.

Ubansa bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ya tafi da shi, ɗansa a zaune a ƙasa gaban jama'a, da sanin wadda ta zaunar da shi. Barhon yana nan cikin adakata, ina shafa masa mai kada ya yi tsatsa.

In inuwar ɗana ta faɗo a kan tabarma, nan take nake ajiye abin da ke hannuna. Inuwar dattijo ce yanzu, mai faɗi, mai hula. Ina gode wa Allah da ita. Amma wasu ranakun da hantsi, in ina ɓarar gyaɗa, sai in ɗaga kai in dubi ƙofa, ina neman wata 'yar siririya mai hannu ɗaya a ƙirji. Ita ce ta zo da tambayar, kuma ita ban amsa mata ba.